Gwaiba a Bakin Tagar Falo

Ni na jawo wa kaina itacen nan, da bakina. Gara in faɗa tun da wuri kafin Gesche, maƙwabciyata ta tsallaken titi, ta riga ni, don ita in ta ɗauko labari sai ta ƙara masa gishiri.

Mijina Hinnerk ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin injin jiragen ruwa, daga nan Bremerhaven zuwa duk inda ruwa ya kai. Da ya yi ritaya, abu biyu ya dawo mini da su. Na farko hancin da ba ya jin ƙamshi ba ya jin wari, don hayaƙi da baƙin mai sun gama da shi. Na biyu labarin wata gwaiba da ya ci a Recife, wani gari na bakin teku can ƙasar zafi, tun yana saurayi. Wai wata mata mai sayar da abinci ce ta tsinko masa a bayan rumfarta, wai tun kafin ya kai baki ƙamshin ya cika masa kai. A wasiƙar da ya rubuto mini lokacin yana nemana, layi biyu kacal ya yi a kaina, sauran shafin duk gwaiba ce. Can ƙasa ya ce wata rana sai ya sa na shaƙi wannan ƙamshin. Duk da haka na aure shi.

Shekara bakwai da suka wuce na ga gwaiba a shagon Baturken nan na kusa da tashar bas, na sayo biyu don in rufe masa baki. Na gatsa ɗaya. Tauri kamar ɗanyen dankali, ƙamshi kuwa babu ko na magani.

"Wannan ce?" na ce. "Wannan ce ka cika mini kunne da ita shekara arba'in?"

Ya ɗauko cokali ya ƙwaƙule irin da ke ciki, ya wanke, ya baza a kan takarda.

"Ɗanya aka tsinke ta, Kyaftin," ya ce. Haka yake kirana, wai ya yi aiki a ƙarƙashin kyaftin goma sha ɗaya, bai ga mai tsanani irina ba. "Sai ta nuna a jikin uwarta. Bari dai, za ki gani."

Na ce a raina, ai ba za ta tsiro ba. Ta tsiro. Shekara guda ta kai gwiwa, shekara uku ta wuce ni tsawo, tana zaune a wata ƙatuwar tukunya a bakin tagar falo, tagar da ta fi kowace samun rana a gidan. Kujerar da nake ɗinki a kai aka tura ta lungu. Kyanwarmu ta rasa wurin kwanciya. Itacen Kirsimeti, wanda tun aurenmu a wannan tagar yake tsayawa, aka mai da shi soro kusa da takalma, duk wanda ya shigo sai ya soke shi a kunne. Hinnerk ya rataya mata fitila mai jan haske saboda duhun hunturu, har Gesche ta tambaye ni ko mun buɗe gidan rawa ne ba mu gayyace ta ba.

Renon da ya yi mata, ni da na haifa masa 'ya ban samu rabinsa ba. Ruwan famfo ba ta sha, sai na sama, shi ma sai an ajiye shi ya kwana a ɗaki ya huce. Yana da littafi na musamman da yake rubuta komai: taki, ruwa, sabon ganye, da abin da ma'aunin zafi ya nuna kullum da tsakar rana. Ni dai na ci gaba da harkar gidana. Ƙarfe takwas, da ya fita sayen burodi, in kashe na'urar ɗumi, in wangale tagogin gidan gaba ɗaya minti goma iska ta ratsa, in rufe. Ƙarfe biyar, lokacin da yake zuwa bakin ruwa kallon jirage da tsofaffin abokansa, in sake. Haka mahaifiyata ta yi, haka kowace mace mai hankali take yi a titin nan, ko da rani ko dusar ƙanƙara na zuba. Wanda bai yi ba, fumfuna ta cinye masa bango, kuma shi ya so.

A shekara ta huɗu ta yi fure, farare masu gashi-gashi. Tunda ba ƙudan zuma a falonmu, Hinnerk ya zama ƙudan zuma. Na shigo na tarar da shi a kan tsani, da ɗan burushin da nake gyara gira da shi, yana shafa wannan furen yana shafa wancan.

"Kai tsoho, burushina ne wannan?"

"Aro na yi. Ki yi shiru, aure nake ɗaurawa."

"To ka dinga yin kukan zuman mana, kada su gane."

Sai kuwa ya fara, bzzz, bzzz, mutum mai shekara saba'in. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

'Ya'ya suka fito, korra, suka yi ta girma har suka kai ƙwan tattabara. Watan Nuwamba na kamawa, sanyi ya fara cizo, sai suka fara zubewa. Yau biyu, gobe uku. Kafin ƙarshen wata babu ko ɗaya a sama. Ya ce takin ne, ya canza taki. Shekara ta biyar suka sake zubewa a Nuwamba, ya ce ruwan ne ya yi yawa. Shekara ta shida ya ɗora wa kyanwa laifi, daga baya ya koma kan ƙarar injin shara. Ya karanta littattafai, ya rubuta wa wani masanin itatuwa wasiƙa, ya sayi ma'aunin zafi na biyu don ya tsare na farkon. Duk safiyar da ya tsinci ɗa a ƙasa, sai ya riƙe shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo, ranar ko burodinsa ba ya gamawa. Yana ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Amma tagata ma tana ba ni tausayi.

Bana da rani, ranar da 'yarmu Wiebke ta zo da tsohon cikinta, na yanke hukunci a gabanta don ta zama shaida.

"Hinnerk, shekara bakwai ke nan. In Kirsimetin bana ya zo ban ci gwaiba daga itacen nan ba, ya fita waje."

"Waje a watan Disamba? Ai kwana ɗaya ba zai yi ba."

"Na sani."

"Mama, kisa ke nan fa," in ji Wiebke.

"Shi ya sa nake son shaida."

Hinnerk ya dubi itacen, ya dube ni, ya miƙo hannu muka tafa. Shi mutum ne mai cika magana, ni ma haka, abin da ya sa muka daɗe ke nan, kuma shi ya sa muke yawan faɗa.

Bana ɗa tara ta riƙe. Ranar uku ga Nuwamba Wiebke ta haihu a Kassel, na hau jirgin ƙasa na tafi taya ta zama. Na bar wa Hinnerk miya a firji da takardar umarni a jikin ƙofa. Sati uku na yi. Kullum in ya bugo waya, kafin ya tambayi jikarsa sai ya ba ni rahoto.

"Tara, Kyaftin. Suna nan daram."

"Jaririyar ma tana nan lafiya, tunda ka tambaya."

"Madalla. Na can sama ya fara kai ƙwan kaza."

Ranar da na dawo, ya ɗauko ni daga tasha, ya ajiye ni a ƙofa ya koma neman wurin ajiye mota. Ina buɗe gidan wari ya mare ni. Soyayyen kifi, safa, tsohon kofi, da numfashin namiji na sati uku. Mutumin nan bai buɗe taga ko sau ɗaya ba! Shi da hancinsa ya mutu, ina zai sani? A takardar umarnin ma ban rubuta ba, don wa zai rubuta wa babban mutum ya dinga numfashi? Ko rigar sanyi ban cire ba na bi tagogi ina wangalewa. Ranar sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, iska na tasowa daga teku. Minti goma bai ishi wannan warin ba, na ba shi rabin awa. Da yamma na ƙara, washegari da safe na ƙara.

Kwana biyu da dawowata, ya tsinci huɗu a ƙasa. Washegari uku. Ranar Juma'a ɗaya.

Safiyar Asabar ya fita sayen burodi, kafaɗunsa a sauke. Na je na kama hannun tagar falo kamar kullum, na buɗe. Iskar ta shigo, na ga ganyen itacen suna karkarwa, ɗan da ya rage shi kaɗai yana lilo a reshensa. Idona ya faɗa kan ma'aunin zafin da ke jikin tukunya. Ina tsaye ina kallo yana sauka, daga ashirin da biyu zuwa sha biyar, zuwa tara. Hinnerk da tsakar rana yake duba shi, lokacin ɗaki ya daɗe da komawa ɗumi. Sati ukun da ba na nan, ko ɗaya bai faɗi ba.

Na rufe tagar da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara. Na zauna a kujerar ɗinkina ta lungu. Ashe ni ce. Ba taki ba, ba ruwa ba, ba kyanwa baiwar Allah ba. Shekara huɗu ina kashe masa 'ya'ya safe da yamma, ina kuma yi masa ba'a a kai.

Zan faɗi gaskiya, shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, Almut, saura sati huɗu Kirsimeti. Ki ci gaba da abin da kika saba, ba wanda zai ce kin yi laifi, doka ma tana bayanki. Wannan ɗayan ya faɗi, ki samu tagarki. Na saurare shi sosai, don maganarsa da ma'ana. Sai na tuna yadda Hinnerk ke riƙe su a tafin hannu.

Ban buɗe tagar falo da yamma ba. Ban kuma gaya masa ba, don bakina ya ƙi. Sai na dinga rufe ƙofar falon, in cusa tawul a ƙasanta, in ba sauran ɗakuna iska a ɓoye kamar ɓarauniya. Lahadi ɗan bai faɗi ba. Litinin ma yana nan. Hinnerk ya ce sabon takin ne ya fara aiki, na ce lalle kam.

Na manta da Gesche. Talata da ƙarfe tara da rabi, muna karyawa, aka danna ƙararrawa kamar gobara ta tashi. Na buɗe, ga ta da tukunyar romon kaza a hannu, ta ɗora rigar sanyi a kan ta barci.

"Waye ba lafiya?" ta ce, tana leƙa bayana. "Hinnerk ne? Zuciyar ce? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Lafiyarmu ƙalau, Gesche."

"Kada ki yi mini haka, shekara ashirin da shida ina ganin tagar falon nan tana buɗewa ƙarfe takwas, da ita nake saita agogona. Ranar da aka yi miki aikin gwiwa ma da sanda kika zo kika buɗe ta. Yau kwana uku shiru. Na ce wa kaina, ko dai wani ya kwanta, ko dai wani ya tafi."

Ta ture ni ta shige. Hinnerk na zaune da burodi a hannu, lafiyayye kamar doki.

"Au, kana raye," ta ce, har da ɗan jin haushi. "To me ya hana a buɗe taga? Lokacin da ba ta nan na yi maka uzuri, na ce namiji ne, ƙazanta halinsu ce. Amma ke, Almut?"

Hinnerk ya ajiye burodin. Ya dubi Gesche, ya dubi ƙofar falo da tawul ɗin da ke ƙasanta, ya dube ni. Na ga abin yana shigarsa a hankali, kamar yadda ya shige ni ranar Asabar. Ya tashi ya ɗauko littafinsa, ya yi ta buɗe shafuka, Nuwamba, Nuwamba, Nuwamba.

"Kwana uku ba ki buɗe ba," ya ce. "Kwana uku bai faɗi ba."

"Eh."

"Tun yaushe kika sani?"

"Asabar."

"Kika bar ni ina yabon taki?"

"Takin ma yana da kyau ai."

Na yi zaton zai yi faɗa, na ma shirya amsa. Sai ya zauna ya dafe kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ce shi ke nan, na sa tsoho kuka. Ashe dariya yake yi, har da hawaye.

"Littafi huɗu!" ya ce. "Na rubuta ranar da kyanwa ta yi atishawa, ban taɓa rubuta taga ba. Kyaftin, duk Lahadin da kika tafi coci da wuri, wa kike tsammani yake buɗe ta? Ni ne! Har tukunyar nake ɗan juyawa don ta samu iska mai kyau."

"Amma sati uku ba ka buɗe ba."

"Ba ki rubuta a takarda ba."

Gesche ta ajiye romonta a tebur, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wato saboda wannan ɗan koren abin za ku zauna a ɗaki rufe? Fumfuna za ta ci ku da ranku. Zan zo jana'iza, amma ba zan shiga falon ba."

"Zauna ki sha kofi," na ce.

"A kicin," ta ce.

Daga ranar falo ya zama ɗakin jinya. Ni na ɗinka dogon matashi na toshe ƙasan ƙofa, tawul ya huta. Kullum ina bin bango da kyalle ina duba kusurwoyi, ina ba mahaifiyata haƙuri a kabarinta. Hinnerk ya ɗaura wa ɗan wata 'yar raga ta lemo don ko ya saki ya faɗa ciki. Ya yi ta girma har ya cika hannu, amma kore shar, ya ƙi juyawa.

Ranar ashirin da uku ga Disamba na shigo daga kasuwa na tarar ya kawo amalanken ɗaukar kaya ya jingina kusa da tukunyar.

"Wannan fa?"

"Gobe ne wa'adi," ya ce, bai dube ni ba. "Mun tafa. Bai nuna ba."

"Ka taɓa tukunyar nan, kai za ka kwana a waje."

"Kin faɗa a gaban shaida."

"Shaidar tana Kassel tana wankin ɗuwawun jariri. Kuma ni na karya sharaɗin tun kafin a ƙulla shi. Ɗauke mini wannan abin daga kan darduma, ka zo ka kama mini itacen Kirsimeti, yana bakin ƙofa."

"Ina za mu sa shi?"

"Inda ya saba. Kusa da takalma."

Bai ce na gode ba. Da muke jan itacen dai ya taka mini ƙafa, ya ce yi haƙuri sau uku, na san abin da yake nufi.

Sai ranar tara ga Janairu. Na fito da safe zan wuce kicin, na tsaya a ƙofar falo. Wani ƙamshi ne ke fitowa ta ramin makulli. Na tura ƙofar, ya rufe ni. Ɗan ya koma ruwan ɗorawa, ya saki reshensa da kansa yana kwance a cikin raga. Ɗa ɗaya tak, amma ya cika falo, ya shiga labule, ya shiga kujeru.

"Hinnerk! Zo!"

Ya fito da kumfar aski a rabin fuska. Ya ciro shi a hankali, ya kai hanci, ya ja numfashi mai tsawo. Ya sake ja. Sai na ga fuskarsa, na tuna. Shekara bakwai ina gani yana wahala a kan itacen nan, ban taɓa kawowa a raina cewa shi ba zai ji komai ba.

Ya miƙo mini. "Faɗa mini, Kyaftin. Yaya yake?"

Na karɓa na kai hanci. Na ce masa yana da zaƙi tun a hanci, kamar an dafa zuma da fure a tukunya ɗaya, kuma can ƙasa akwai wani ɗan wari-wari mara kunya da ke sa mutum ya sake shaƙa.

"Shi ne!" ya ce, ya buga cinya. "Wannan ɗan warin! Shi ne na Recife. Na gaya miki ko ban gaya miki ba?"

"Ka gaya mini. Shafi guda."

Ya raba shi biyu da wuƙarsa ta aljihu. Cikin ja ne, laushi kamar man shanu. Na cinye rabona har da ɓawo, shi ya ɗan gatsa nasa, ya tura mini sauran, wai a bakinsa duk ɗaya ne da tuffa. Ban yi masa musu ba, na cinye.

Da muka gama ya ce yanzu tunda ba ɗa a sama, zai iya jan tukunyar zuwa ɗakin kwana na minti goma, in ba falona iska yadda nake so. Sati shida ke nan rabon ɗakin da iska. A tsallaken titi ina hango Gesche a tagarta, ta wangale, tana nuna mini agogon hannunta.

"Bar shi," na ce wa Hinnerk. "In an buɗe ƙamshin zai fita."

Kwana huɗu ƙamshin ya yi a falon. Kullum da safe Hinnerk zai tsaya a bakin ƙofa da jakar burodi a hannu, ya ɗaga hancinsa da ba ya aiki, ya ce, "Yana nan?" In ce yana nan. Rana ta biyar na shaƙa, na sake shaƙa, babu abin da ya rage sai warin rufaffen ɗaki.

"Yana nan, Kyaftin?"

"Yana nan," na ce.